Garin Tagulla a Jelutong

Dare goma sha ɗaya ina zanen gari
a kan fili kamar tafin hannu.
Tituna na tagulla, sirara kamar gashin masara,
unguwar wuta a dama, unguwar ƙasa a hagu,
rijiyoyi ɗari huɗu da shida a jere
waɗanda ba ruwa za a ja a cikinsu ba.

Allon kasuwa ya ishe ni.
Ka soka waya, ka juya ka ɗauki shayi,
fanka ta kaɗa, kyanwa ta gifta,
ƙafa ɗaya ta zare ba ka gani ba,
ka kwana kana zargin lissafi
alhali lissafi bai yi maka komai ba.

Bukatata kaɗan ce:
in san tashin ruwa a kwatar bayan gidanmu
kafin ya hau matakala ya gaida buhun shinkafa.
Daminar Penang ba ta sallama,
ba ta kuma taɓa jiran kowa ba.

Na aika zanen ƙetaren teku.
Kwana tara ina leƙen mai babur.
Ya zo da alluna biyar, kore shar,
sunana da fararen haruffa a kusurwa.
Na shinshina, na ɗaga su ga hasken taga,
ranar ko abinci ban nema ba.

Na zaunar da mutanen garin ɗaya bayan ɗaya:
rizista mai ɗamara kala-kala,
kafasita mai ƙafa ɗaya doguwa,
sai baƙin ƙwaron nan mai ƙafa takwas
da ke ƙirga lokaci a madadin kowa.
Dalma ta narke, hayaƙi ya miƙe.
Na haɗa batir.
Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Sai ɗumi. Sai ƙauri.
Na taɓa ƙwaron, na kai yatsa baki.

Gwaggo Kanmani na gefe tana ɓarar tafarnuwa.
Shekara ashirin da bakwai ta yi a ma'aikata a Bayan Lepas,
farar hula, layi na shida,
tana liƙa allunan da wasu suka zana a wata ƙasa.
Ba wanda ya taɓa tambayarta ta ina titi ya kamata ya bi,
ita ma ba ta ce ba.

Ta goge hannu a bakin zanenta, ta ce, "Miƙo."
Ta karkata allon ga fitila tana bi da farce
kamar mai tsince tsakuwa a wake.
"Thiru, garinka lafiyarsa lau.
Ka zana gidan ƙwaro kamar a madubi,
ƙafar farko ta zauna a kujerar ta takwas.
Ka shigar da baƙo ta ƙofar gaba,
ƙofar kuwa a baya take, ba ka lura ba."

Ta kifa allon. Ta ɗauki sabon ƙwaro.
Hannun nan da ke zubar da shayi a faranti kullum safe,
da ya riƙe ƙarfen dalma, sai ya tsaya cak.
Ɗigo takwas, kowanne ɗan tudu mai sheƙi,
ba wanda ya taɓa maƙwabcinsa.
Fitila ta ƙifta. Ta sake.
Gwaggo ta koma kan tafarnuwarta
kamar ba ita ba.

Yau na buɗe zane na biyu.
Na goge sunana a kusurwa, na rubuta nata.
Ta leƙo ta bayan kafaɗata da tabarau a karan hanci.
"Cire wannan, yana cin fili.
Faɗaɗa titin wutar nan, ya yi siriri,
kuma wannan kwanar ta yi kaifi."
Ta jawo kujera.

A waje an soma yayyafi a kan kwano.
Ƙaramar fitila na ƙifta wa kwata ido daga taga.
Tafarnuwa na can a kwano, rabi a ɓare,
har yanzu ba a ɗora tukunya ba.